Ɗan Mowa da Ɗan Bora a Gidan Google

A daren 26 ga Yunin 2019, 'yan takara goma suka jeru a kan dandali a birnin Miami, a muhawarar farko ta masu neman jam'iyyar Democrat ta tsayar da su takarar shugabancin Amurka. Cikinsu akwai 'yar majalisar wakilai daga jihar Hawaii, Tulsi Gabbard, soja ce da ta yi aiki a Iraƙi, wadda yawancin Amurkawa ko fuskarta ba su sani ba. Ta yi magana mai zafi a kan yaƙe-yaƙen da ƙasarta take kutsa kai cikinsu, kafin gari ya waye sunanta ya zama wanda aka fi nema a Google cikin duk waɗanda suka hau dandalin. Irin wannan rana ba ta zuwa wa ƙaramin ɗan takara sau biyu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, don haka ma'aikatanta suka zuba kuɗin talla, domin duk wanda ya rubuta sunanta ya fara cin karo da shafin da ake tara mata gudummawa.

Ana cikin haka Google ya rufe asusun tallan nata na tsawon kusan awa shida.

Kamfanin ya ce ba hannun mutum ba ne, na'ura ce ta ga kuɗin da ake kashewa ya yi tsalle ba zato, ta ɗauka 'yan damfara ne, ta ja birki. Gabbard ta ce ba ta yarda ba. A watan Yuli ta kai ƙara kotun tarayya a Los Angeles tana neman diyyar dala miliyan 50. A watan Maris na 2020 alƙali Stephen Wilson ya yi watsi da ƙarar, bai ma tsaya binciken ko da gangan aka yi ba. Hujjarsa ita ce, tsarin mulkin Amurka gwamnati ya hana toshe bakin jama'a, Google kuwa ba gwamnati ba ne. A taƙaice, shagonsa ne, shi yake da ikon jera kayansa yadda ya ga dama.

Shagon ne dai ba ƙarami ba. Cikin kowane bincike goma da ake yi a intanet a duniya, kusan tara ta hannun Google suke bi. A watan Agustan 2024 wani alƙalin tarayya, Amit Mehta, ya yanke hukunci cewa kamfanin ya yi babakere a kasuwar ba bisa ƙa'ida ba, kuma a wannan shari'ar ce aka ji cewa a shekarar 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 ga irin su Apple da Samsung da kamfanonin sadarwa, domin wanda ya sayi waya ya tarar da shi a bakin ƙofa tun kafin ya nema. Mu nan har kirari muka yi masa, muna ce masa matambayi ba ya ɓata. Karin maganar gaskiya ne a garin da masu nuna hanya suke da yawa. Idan mutum ɗaya ne yake zaune a mararraba, duk wanda ya zo shi zai tambaya, sai maganar ta koma kan halinsa shi mai nunin.

Kafin a zo kan na'ura, sai an fara da 'yan jarida, domin su suka koya wa duniya wannan sana'a, kuma sun fi kowa sanin cewa ba sai ka yi wa ɗan takara ƙarya za ka kashe shi ba. Ka yi kamar ba ka gan shi ba, ya wadatar.

A watan Agustan 2011 'yan Republican suka yi ƙuri'ar gwaji a garin Ames na jihar Iowa. Michele Bachmann ta zo ta ɗaya, Ron Paul ya bi bayanta da tazarar ƙuri'a 152 kacal. Washegari masu sharhi a talabijin suka shiga lissafa manyan 'yan takara, suna tsallake na biyu suna ambaton waɗanda ya kayar da waɗanda ba su ma shiga gwajin sosai ba. Abin ya yi yawa har mai barkwancin nan Jon Stewart ya mayar da shi abin dariya a shirinsa. Bayan wata uku, a muhawarar da tashar CBS ta shirya, daƙiƙa 89 aka bar Ron Paul ya yi magana a cikin awa guda da aka nuna wa ƙasa baki ɗaya. Babu wanda ya zage shi. An dai bar shi tsaye kamar turke.

Haka aka yi wa Bernie Sanders daga ɗaya ɓangaren. Wani mai ƙidayar labaran dare na manyan tashoshin Amurka, Andrew Tyndall, ya lissafa cewa daga Janairu zuwa Nuwambar 2015, shirin labaran dare na ABC ya ba Donald Trump minti 81, Sanders kuwa kusan daƙiƙa 20. Wannan fa mutum ne da yake cika filaye da dubban matasa a lokacin.

Sai dai a nan ne maganar take rikicewa ga mai son sauƙaƙa ta. Wanda ya ci wannan garaɓasa, wato Trump, shi ne ya fi kowa kukan cewa 'yan jarida sun tsane shi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Farfesa Thomas Patterson na jami'ar Harvard ya bi rahotannin watanni uku na ƙarshen yaƙin neman zaɓen 2016, ya tarar kashi 77 cikin ɗari na abin da aka faɗa a kan Trump suka ne. Hillary Clinton ma ba ta tsira ba, nata kashi 64 ne. Amma zagin da ake yi maka safe da yamma talla ne. Zuwa watan Maris na 2016 an ƙiyasta cewa lokacin da kafofin labarai suka ba Trump kyauta, da saye zai yi, da ya kusa dala biliyan 2. Shugaban CBS na lokacin, Les Moonves, ya fito fili ya faɗa wa masu zuba jari cewa wannan turnuƙun wataƙila ba alheri ba ne ga Amurka, amma ga CBS alheri ne ƙwarai. Da wuya a sami bayanin son kan kafofin labarai da ya kai wannan gaskiya. Jam'iyyarsu ta fari ita ce masu kallo, domin masu kallo su ne kuɗin talla. Ita kuwa Clinton, wasu masu bincike biyu sun nuna a mujallar aikin jarida ta jami'ar Columbia cewa a cikin kwana shida kacal dab da zaɓe, jaridar New York Times ta buga labaran shafin farko a kan saƙonninta na imel da yawansu ya kai duk waɗanda ta buga a kan manufofin 'yan takarar cikin kwana 69. Jaridar da ta fito ta mara mata baya ke nan.

Duk da haka, son kan jarida yana da wani alheri guda: ana ganinsa. Wanda ya kunna Fox News ya san gidan da ya shiga, haka wanda ya kunna MSNBC. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Jarida tana da suna a goshinta, tana da edita, bugun jiya yana nan a ɗakin ajiya, kowa zai iya ɗauko shi ya ƙirga. Idan ta wuce gona da iri ana iya kamata, kamar yadda Fox ta biya kamfanin na'urorin zaɓe na Dominion dala miliyan 787.5 a 2023 saboda ƙarairayin da aka yaɗa ta bakinta a kan zaɓen 2020. Shafin bincike ba haka yake ba. Farin allo ne da ɗan akwati a tsakiya. Mutum yana shiga da tunanin shi ne yake nema da kansa, shi ya zaɓi abin da ya karanta, ba wanda ya tura masa. Abin da ya gani da safe ba lallai ne maƙwabcinsa ya gan shi da yamma ba, kuma da ya rufe waya shafin ya tafi, babu inda aka adana shi.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan wannan shi ne Robert Epstein, masanin halayyar ɗan Adam, tsohon babban editan mujallar Psychology Today. Shi da abokin aikinsa Ronald Robertson sun ƙirƙiri injin bincike na bogi suka sa masa suna Kadoodle. Suka tara Amurkawa, suka gabatar musu da 'yan takarar firaministan Ostireliya na 2010, Julia Gillard da Tony Abbott, mutanen da ba ruwansu da su. Kowa aka ba shi shafuka talatin iri ɗaya, na gaske, ba a ƙara ko harafi ba, ba a rage ba. Abin da aka canza kawai shi ne jeri: wasu aka sa musu labaran da suka yabi Gillard a sama, wasu na Abbott, wasu kuma aka cakuɗa. Daga baya suka maimaita gwajin a Indiya lokacin zaɓen 2014, da masu zaɓe na gaske, tsakanin Narendra Modi da Rahul Gandhi da Arvind Kejriwal. A 2015 suka buga sakamakon a mujallar cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka: cikin mutum 4,556 da aka gwada, jeri kaɗai yana iya karkatar da ra'ayin waɗanda ba su tsai da shawara ba da kashi 20 cikin ɗari ko fiye, kuma mafi yawansu ba su lura an yi musu komai ba.

Duk mai zuwa kasuwa ya san sirrin. Mai tebur a bakin ƙofa ya fi na ƙurya ciniki, ko da kayan na ƙuryar sun fi kyau. Mutane kaɗan ne suke wuce shafin farko na Google, kuma a shafin farkon ma na saman ake dannawa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Epstein ya nuna cewa wuƙar tana yanka, bai nuna an yanka wani da ita ba. Da ya zo gaban wani kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Ted Cruz a Yulin 2019, sai ya ce Google ya karkatar da aƙalla ƙuri'a miliyan 2.6 zuwa ga Clinton a 2016. Trump ya ɗauki maganar ya ƙara mata gishiri, ya kai ta har miliyan 16. Tushen wannan lissafi kuwa binciken da aka yi ne da kwamfutocin mutum 95 a jihohi 24, aka ninka aka sake ninkawa har ya zama miliyoyi. Masana da yawa sun ce mudun bai kai a auna ƙasa mai masu zaɓe sama da miliyan 130 da shi ba, kuma ina ganin suna da gaskiya. (Abin dariya, shi Epstein ɗin magoyin bayan Clinton ne, ya sha faɗa da bakinsa.)

Sauran zarge-zargen galibi a kan ɗan cikon nan ne da Google yake yi maka idan ka fara rubutu. A Yunin 2016 wata tashar YouTube mai suna SourceFed ta fitar da bidiyo da miliyoyi suka kalla, tana nuna cewa idan ka rubuta sunan Hillary Clinton ka bi shi da haruffan farko na kalmar "laifuka" a Turance, Bing da Yahoo suna ƙarasa maka da laifukan, Google kuwa sai ya kauce ya kawo maka batun gyaran dokokin laifi. Kamfanin ya ce ƙa'idarsa ce ba ya haɗa sunan mutum da kalmar ɓatanci a cikon, ko wane ne shi, kuma waɗanda suka gwada da sunayen wasu da aka san an ɗaure su sun ga haka ɗin ne. Bayan shekara takwas aka koma gidan jiya. An harbi Trump a kunne a garin Butler na jihar Pennsylvania ranar 13 ga Yulin 2024, amma mako biyu bayan haka, idan ka fara rubuta "yunƙurin kisan" sai Google ya kawo maka Truman da Reagan, ban da mutumin da duniya ta gama kallon jini a fuskarsa. Kamfanin ya ce wani tsohon shinge ne da aka kafa don hana cikon da ya shafi tashin hankalin siyasa, ba a sabunta shi ba, aka gyara.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan uzurori yana shiga hankali. Damuwar ita ce kullum wanda ake zargi shi ne mai bincike, shi ne shaida, shi ne kuma mai sanar da sakamako. Ba a kuma taimaki kamfanin ba da bidiyon cikin gida da shafin Breitbart ya fallasa a 2018, inda aka ga manyansa, har da Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, suna jimamin nasarar Trump kamar an yi musu rasuwa.

To me masu binciken da ba su da jam'iyya suka gano? A 2019 mujallar The Economist ta gwada, wasu masana a jami'ar Stanford su ma suka bi sakamakon binciken sunayen 'yan takarar majalisar tarayya na zaɓen 2018 na tsawon watanni. Dukansu ba su ga alamar ana tauye wani ɓangare saboda siyasarsa ba. Abin da suka gani shi ne Google yana fifita kafofin da ake ɗauka masu mutunci ne. Shi kansa Twitter, da ya auna tsarinsa a 2021, sai ya tarar a ƙasashe shida cikin bakwai 'yan siyasar ra'ayin riƙau ne na'urarsa take ƙara wa murya, Jamus ce kaɗai ta fita daban.

Wannan ya wanke Google daga zargin maguɗi, amma ya buɗe wata ƙofa. Wa yake yanke cewa wannan kafa mai mutunci ce? Wasu masana a jami'ar Northwestern sun ƙirga labaran da suke fitowa a akwatin manyan labarai na saman shafin, suka tarar kafofi 20 kacal sun kwashe fiye da rabi, CNN ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi 11 cikin ɗari, New York Times da Washington Post suna biye. Ke nan injin daga tukunyar manyan jaridu yake ɗiba. Idan sun yi watsi da Ron Paul, shi ma zai yi watsi da shi. Idan sun kwana a kan imel ɗin Clinton, shi ma a nan zai kwana. Ɗan mowa a ɗakin labarai shi ne ɗan mowa a shafin farko, ba tare da wani injiniya ya taɓa komai ba. A ganina wannan ya fi labarin wani ma'aikaci mai ɓoyayyen maɓalli nauyi, domin shi ma'aikacin ana iya kama shi a kore shi.

Akwai kuma ranar da aka ga hannun mutum ƙuru-ƙuru. Ranar 14 ga Oktoban 2020, saura ƙasa da mako uku zaɓe, jaridar New York Post ta buga labarin saƙonnin da aka samu a kwamfutar Hunter Biden, ɗan ɗan takarar Democrat. Twitter ya hana kowa tura labarin, ya kulle shafin jaridar kusan mako biyu. Facebook ya rage yaɗuwarsa. Tsoffin jami'an leƙen asiri 51 suka sa hannu a wata wasiƙa cewa abin yana kama da aikin Rasha. A Maris na 2022 New York Times da Washington Post suka tabbatar da sahihancin wasu daga cikin saƙonnin, a 2024 kuma masu gabatar da ƙara na gwamnati suka kawo kwamfutar kotu a matsayin shaida. Shugaban Twitter na lokacin, Jack Dorsey, ya amsa cewa kamfaninsa ya yi kuskure, Mark Zuckerberg na Facebook ma ya rubuta wa majalisa cewa bai kamata su danne labarin ba. Ko labarin zai canza zaɓen, ko ba zai canza ba, tuban Zuckerberg ya zo ne bayan an ƙirga ƙuri'a.

Wanda yake son ganin toshe baki na ainihi, wanda ba ya bukatar gwajin masana, sai ya duba Rasha a Satumbar 2021. Magoya bayan ɗan adawa Alexei Navalny, wanda yake kurkuku a lokacin, sun shirya wata manhaja da take gaya wa mai zaɓe ɗan takarar da ya fi damar kayar da na jam'iyya mai mulki a mazaɓarsa. Sai wani kamfanin sayar da gashin tumaki ya bayyana ya ce sunan tsarin nasu alamar kasuwancinsa ce, wata kotu a Mosko ta umarci Google da Yandex su daina nuna sunan a sakamakon bincike. Ranar da aka fara jefa ƙuri'a, Google da Apple suka cire manhajar daga rumbunansu, bayan an yi wa ma'aikatansu na cikin ƙasar barazanar gurfanarwa.

Mu ma ba baƙin wannan wasa ba ne, sai dai namu a fili ake yinsa. A 2015 AIT da NTA sun nuna wani dogon shiri na shafa wa Muhammadu Buhari kashin kaji, AIT ta ƙara da wani a kan Bola Tinubu, wanda ya maka ta kotu yana neman naira biliyan 150, ta ba shi haƙuri a 2016. Jaridar Guardian ta Ingila ta bayyana a 2018 cewa wani attajiri ya ɗauko kamfanin Cambridge Analytica don ya yi wa takarar Buhari zagon ƙasa a wannan zaɓen. Da Buharin ya hau, Twitter ya goge masa saƙo a Yunin 2021, gwamnatinsa ta rufe Twitter ɗin gaba ɗaya har zuwa Janairun 2022. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce a raba wa jam'iyyu lokaci daidai a kafofin watsa labarai, amma ɗan adawa a jiha ya san yadda ƙofar gidan rediyon gwamna take buɗuwa. Bambancin shi ne mai sauraro a Kano ya san sojojin baka, ya san wa yake biya musu kuɗin fili, yana jin muryar mutum ya ce wannan na wane ne. Yaron da ya rubuta sunan ɗan takara a wayarsa, jaridun Turanci na Legas da Abuja suka jeru masa, ba shi da wannan kariyar.

A Amurka kuwa kiɗa ya canza, rawa ta bi shi. Tulsi Gabbard ta fice daga jam'iyyar Democrat, ta koma wajen Trump, a Fabrairun 2025 ta zama shugabar hukumomin leƙen asirin ƙasar. Google ya ba da dala miliyan 1 ga bikin rantsar da Trump karo na biyu, shugabansa Sundar Pichai ya zauna kusa da iyalan shugaban a wurin bikin. YouTube, wanda mallakar kamfanin ne, ya dakatar da shafin Trump bayan harin da aka kai majalisa a Janairun 2021, Trump ya kai ƙara, irin ƙarar da kotu ta kori Gabbard a kanta. Wannan karon ba a jira alƙali ba. A Satumbar 2025 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 24.5, aka ware miliyan 22 daga ciki don ginin sabon zauren biki a fadar White House.